Ƙullin Hani na Gidan Arzika

A ƙasar Bagudo, a bakin kogin Kwara, hani ba magana ba ce kawai, abu ne da ake gani da ido. Ganyen kaba ne ake ƙullawa a kan sanda, a kafa a bakin gonar rogo, ko a kan tarin itace, ko a gefen tafkin da sarkin ruwa ya rufe sai kifi ya girma. Ba shinge ba ne, ko ɗan akuya yana tsallake shi. Ba ya cizo, ba ya ihu. Amma ƙato zai taho da yunwarsa, ya ga ƙullin nan yana kaɗawa a iska, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya juya. Mutanen da suna cewa kowa an haife shi da irin wannan ƙulli a ƙirji. Shi ke janye hannun yaro daga wuta, shi ke mayar da magana ciki bayan ta iso bakin harshe.

Na ƙirjin Arzika ya yi yawa, abin da ya dame shi ke nan.

Arzika mai bandar kifi ne, yana zaune da uwarsa Inna Jummai, da matarsa Saratu, da 'yarsu Lami mai shekara biyar, da ƙanensa Ma'azu mai tuƙa kwalekwale. Shekarar da aka sauke tutar Ingila, Faransawa ma suka naɗe tasu a Dahomey, iyaka ta zama kamar ƙofar da aka manta ba a sakaya ba. Tsararrakinsa suka riƙa haurawa da goro da banda, su dawo da atamfa da taba da turare, ba tare da sun bi ta gaban 'yan kwastan ba. Kafin damina biyu wasu sun yi rufin kwano. Sau uku Arzika yana ɗaure kaya ya kai har dutsen da Turawa suka kafa a kan iyaka, sau uku wani abu yana ce masa bari dai, ya sauke kayan ya dawo. Har sunan ya bi shi.

Ranar kasuwar Bagudo, Ango abokin wasansa ya tsayar da sabon kekensa a gaban rumfar kifi, yana kaɗa ƙararrawa.

"Bari-dai, an ce jiya ma ka je ka gaida dutsen iyaka. Yana lahiya? Ya iyalinsa?"

'Yan rumfa suka fashe da dariya. Arzika ya buɗe baki zai rama, maganar ta iso, wani abu ya ce bari dai. Ya haɗiye ta, ya ci gaba da korar ƙuda.

Wannan haɗiya ita ta kai shi wurin Maliki.

Kowa ya san Maliki, don hanin da ya fi kowane kama gwiwa a ƙasar daga hannunsa yake fitowa. Manoma daga Geza har Zagga suna tattaki su karɓo. Amma ana raɗe-raɗin yana wani aikin ban da ƙulla kaba. Yana zaune shi kaɗai a wata tunga bayan dutsen iyaka, tafiyar rabin yini. Arzika ya haura ba kaya a kansa, ya isa rana tana tsaka.

Bukka ce a gindin busasshiyar kuka, ba ta da ƙyaure. Abin da ya fara lura da shi shi ne kaji. Suna kiwo har su kusanci bukkar, sai su tsaya cak su juya, kamar an ja musu layi. Ya duba ƙasa, ya ga jerin tururuwa ma ya iso wurin ya lanƙwasa. A ciki, ƙulle-ƙullen kaba sun fi a ƙirga suna rataye daga rufi, suna kaɗawa alhali ko iska babu. Jikin bango kuma ƙananan tukwane ne jere, an toshe bakunansu da yumɓu, kowace tana gumi kamar randa, ga shi kuwa tsakiyar rani ne. Maliki tsoho ne siriri, yana zaune a kan fatar kada yana tsaga kaba da farce. Bai ɗago kai ba.

"Ka tsaya sau huɗu tsakanin kuka da ƙofa. Mi kake so?"

"Arziki nike so, Baba."

"Ba na saida shi. Ka ga alamarsa a nan?"

"An ce kana da hanya."

"Hanya ta fi ƙarfin a ɓoye ta, ga ta can shimfiɗe, jakai ma na bi. Kai ne ba ka bi. Mi ke tsayar da kai?"

Arzika ya dafa ƙirjinsa.

"Awo," in ji Maliki. Sai a lokacin ya dube shi, irin duban da mahauci yake yi wa sa mai ƙiba. "Naka babba ne. Na daɗe ban ga irinsa ba. In ka so in kwance maka shi."

"Mi zan biya? In jini ne, Baba, ba ni iyawa. Ko rago ba na son kallon yankansa."

"Wa ya yi maganar jini? Ba na karɓar kuɗi, ba na karɓar rai. Abin da na cire shi ne ladana."

"Shi ke nan?"

"Kana son in ƙara?"

"In kuma wata rana na so abuna?"

Maliki ya yi murmushi. "Wanda aka cire wa ƙaya a ƙafa, ka taɓa ganin ya komo nemanta? Je ka ɗebo mini ruwan randar gidanku cikin gora. Mutum nawa ke sha daga cikinta?"

"Mu biyar ne."

"To."

A hanyar komawa abin nan ya ce masa bari dai, ya faɗa da ƙarfin da bai taɓa faɗa ba, har sai da ya zauna a gindin wata ɗorawa. Sai ya tuna ƙararrawar keken Ango. Wannan ne karo na farko da ya ƙi jin maganar ƙirjinsa, kuma shi ne na ƙarshe da ƙirjin ya yi masa magana.

Kwana uku ya dawo da gora. Ya tarar Maliki ya share tsakar bukka, ya jera sababbin tukwane biyar, bakunansu a buɗe.

"Biyar, Baba? Ni kaɗai?"

"Na ce maka naka babba ne. Durƙusa."

Ya juye ruwan a ƙwarya. Ya ɗauko ɗanyen ganyen kaba ya yi masa ƙulli a kan ƙulli, ya manna a ƙirjin Arzika, ya ce ya riƙe, ya faɗi duk abin da ya taɓa tsayar da shi. Arzika ya fara. Tsoron ruwa mai zurfi. Tsoron hukuma. Kunyar idon uwarsa. Tausayin wanda za a cuta. Gajiya. Tsoron Allah, wannan a hankali ya faɗe shi, amma ya faɗa. Kowanne ya ambata, Maliki ya kwance ƙulli ɗaya, ya tsoma bakin ganyen a ruwa, ya ɗiga a tukunyar farko. Da ƙullin ƙarshe ya kwance, duk na rufin bukka suka daina kaɗawa lokaci ɗaya. Arzika ya ji ƙirjinsa fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Tukunyar farko ta fara gumi. Maliki ya toshe ta, ya bar huɗun a buɗe.

"Sha rabi. Ragowar ka mayar inda ka ɗebo. Ruwan gida ba a barinsa a daji."

Ya sha. Da ya isa gida ya tuttule ragowar a randa, ko waiwaye bai yi ba. Saratu tana bakin murhu, ta gani, ta so ta tambaya, ta ce bari dai.

Washegari Arzika ya ɗauki kaya ya bi ta gaban rumfar 'yan kwastan da rana tsaka, yana tafiya kamar mai zuwa masallaci. Suka dubi fuskarsa ba su ga ɗigon tsoro ba, suka ɗauka yaron wani babba ne, har ɗayansu ya sara masa. Haka abin ya fara. Inda wasu suke jira ruwa ya janye, shi ya haye. Inda wasu suke jin nauyin tsawwala wa mai neman gishiri da azumi, shi ya tsawwala. Kafin shekara ta zagayo yana da jirage shida a kan Kwara, ya rushe bukkokin gidan ya yi soraye da rufin kwano, ya sayo akwatin rediyo wanda mutane ke taruwa a ƙofar gida su ji labarin sabuwar gwamnati. Ranar da Ango ya zo neman ya ɗauke shi aiki, Arzika ya sa shi wanke jirgi, ya ce ya riƙa kaɗa ƙararrawar kekensa in ya gama. Ba wanda ya ƙara cewa Bari-dai.

Ma'azu aka fara lura da shi. Da can mai tsantseni ne a ruwa, sai ya zama shi ke shiga inda matuƙa ke kaucewa. Mutane suka ce jarumtar gidan ce ta motsa. Duk ɗan bakin Kwara ya san in dorina mai ɗa ta fito da kunnuwanta, juya jirgi ake yi. Ran nan da hantsi, a gaban masunta fiye da goma, ta fito. Suka yi ta ihu, "Ma'azu, komo! Komo!" Ya waiwayo ya dube su, ba fushi, ba dariya, ya ci gaba da tuƙi sosai zuwa bakinta kamar mai zuwa gaida ta. Rabinsa aka samu aka yi wa sutura.

A zaman makoki abin ya fito fili. Arzika ɗan fari ne, kuma tun da Inna Jummai ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta kira shi sai ta ce kai wancan, in ana zancensa sai ta kau da kai. Shekara talatin da ɗori haka. Rana ta biyu da rasuwa, gida cike da mata, maza na zaure, sai aka ji muryarta daga tsakar gida, tar kamar ta budurwa.

"Arzika! Arzika! Zo nan in ga idonka, Arzika!"

Wata tsohuwa ta saki carbinta. Inna Jummai ta miƙe ba mayafi, ta shiga faɗin duk abin da ta taɓa haɗiyewa tun tana amarya: wadda ta saci zanenta, wanda ya so ta kafin mijinta, wadda ɗanta bai yi kama da ubansa ba. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana nuna su da yatsa, hawaye na zuba a fuskarta, bakinta kuwa bai tsaya ba. Mata suka watse da takalma a hannu.

Arzika ya ji, kuma ya gane. Ya tuna tukwane huɗu masu buɗaɗɗen baki. Baƙin ciki ya cika shi. Amma a daidai lokacin wani ya leƙo zaure ya ce jirgin atamfa ya iso, sai ya ga ƙafafunsa sun miƙe sun nufi bakin ruwa, ya bar tabarmar makokin ƙanensa. Abin da mutane ba su sani ba ke nan game da shi. Ba zuciya aka cire masa ba. Yana gani, yana jin zafi, yana sanin daidai. Abin tsayawa ne babu, kamar wanda ruwa ya ja jirginsa bayan gorar tuƙi ta suɓuce.

Bayan wata biyu Inna Jummai ta fita da safe ta ce za ta gaida ƙanwarta a Zagga. Ta isa Zagga, ta wuce ta gaban ƙofar ƙanwar, ba ta tsaya ba. Waɗanda suka tare ta, ta ratsa su tana gaya musu asirin iyayensu. Kwana uku aka tsinci gawarta a kan hanya, nesa da gari, tafin ƙafarta ya cinye, fuskarta na duban gaba.

Saura Saratu da Lami.

Wata la'asar Arzika ya shigo ya ji ƙaurin nama. Lami ce a durƙushe gaban murhu, ta sa hannu cikin garwashi tana kallon yadda fata ke tashi. Tana kuka, don zafin tana jinsa, amma hannun bai janye ba. Saratu ta fizgo ta. Daga ranar ta ɗaure ƙafar yarinyar da igiya a jikin ginshiƙin rumfa, don da an sake ta kogi take nufa, ko rijiya, ko ƙarƙashin jaki. Yarinyar ta yini tana jan igiya tana cewa, "Baba, kwance ni, ba ni zuwa ko'ina," ƙafafunta kuwa suna ta tafiya a wuri ɗaya har sun haƙa rami.

Saratu ta tsaya a gabansa, ita da ba ta taɓa kiransa da komai ba sai maigida.

"Arzika, mi ka zuba a randa?"

Ya gaya mata duka, don babu abin da zai hana shi faɗa.

"Ni ma ya fara," in ji ta. "Jiya na ɗauki tsintsiya, sai da na share har bakin kasuwa kafin ta ƙare a hannuna. Ban san kwana nawa ya rage mini in iya riƙe ta ba. Je ka karɓo na yarinyar nan. Bar nawa, bar naka. Nata kawai."

Ya fasa randar da ƙafa, ya kama hanya da gudu.

Maliki yana nan a kan fatar kadarsa yana tsaga kaba. Kaji suna juyawa a inda suka saba. Arzika ya ratsa layin bai ko ji shi ba.

"Yau ba ka tsaya ko sau ɗaya ba," in ji Maliki. "Aiki ya yi kyau."

"Ka ce ba ka karɓar rai."

"Na karɓa? Ni na tura ƙanenka bakin dorina? Na tambaye ka mutum nawa ke sha, ka ce biyar. Na jera biyar a gabanka, ka ƙirga da bakinka."

"Ba ni na 'yata."

Maliki ya miƙa hannu ya kifar da tukwane biyar ɗin da ke ƙarshen layi. Duk a bushe suke.

"Kana tsammanin da mi nike ƙulla hanin da ke kama gwiwar ɓarawo? Da kaba? Kaba ganye ce, akuya na cinta. Tsoronka na can yana gadin rogo a Geza, gona bakwai ya ishe su. Kunyar uwarka kuwa, kai, wagga tsohuwa ta tara abu. Har yanzu ba a taɓa itacen da ta ke tsaro ba."

Arzika bai san lokacin da hannuwansa suka kai wuyan tsohon ba.

"Sannu, sannu," in ji Maliki, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. "Na yarinyar ɗan ƙarami ne, ƙulli ɗaya ya shige. In ka samo shi ka jiƙa ka ba ta ta sha, zai koma. Sassauta in gaya maka inda yake."

Arzika ya ji. Ya fahimta sarai cewa duk duniya bakin nan kaɗai ya san inda ceton Lami yake. Ya ce wa hannuwansa su sake. Ya roƙe su. Ya nemi abin nan da ya raina shekara talatin, ya lalubi ƙirjinsa lungu-lungu ko ya ji bari dai, ko da sau ɗaya, ko da a raɗa. Ɗakin fayau yake. Yatsunsa suka ci gaba da matsewa.

Sai a lokacin tsoro ya shigo idon Maliki, ya gane irin aikin da ya yi.

"Bakin... tafkin..."

"Wane tafki, Baba? Don Allah wane tafki?" Yana kuka yana tambaya, yana matsewa. Har wuyan ya yi ƙara irin ta busasshen kara.

Tafkuna a ƙasar nan sun fi arba'in, kowanne da haninsa. Arzika ya bi su yana tumɓuke sanduna, masunta na binsa da jifa. Kwana biyu ya iso gida da rungumar ƙulle-ƙulle, bai san wanne ne ba, ya ce zai jiƙa su duka.

Tun daga nesa ya ji daka. Tim, tim, tim, ba luguden da mata ke yi da waƙa ba. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofar gida, ba wanda ya shiga. Saratu ce a kan turmi. Geron ya zama gari tun jiya, garin ya ƙare, gindin turmin ya fashe, ƙasa take daka. Tafin hannunta ya saɓule, jini na bin taɓarya. Ta gan shi, ba ta tsaya ba.

"Na ce bari in yi mata kunu," in ji ta, tana daka. "Ina kallo ta zare ƙafar. Ina kallo ta fita. Na ce mata Lami tsaya. Ina kallo, Arzika."

Igiyar tana nan a jikin ginshiƙi, madaukinta bai kwance ba, da jini da 'yar fata a jiki. Sawun ƙananan ƙafafu ya fita ƙofa ya miƙe sosai zuwa Kwara, bai karkata ko sau ɗaya ba, har inda ruwa ya shafe shi.

Dangin Saratu sun zo sun ɗaure ta da zane suka tafi da ita, hannuwanta na ɗagawa suna sauka a cikin ɗaurin. Ba ta kai kaka ba.

Arzika kuwa mutuwa ba ta yi masa gaggawa ba. Shekaru aka yi ana ganinsa tsakanin Bagudo da Geza da dutsen iyaka, yana tafe ba zama, wuyansa da kafaɗunsa da ƙugunsa duk ƙulle-ƙullen kaba da ya tumɓuko daga gonakin mutane. Yakan tauna su yana tafiya, ko Allah ya sa ya dace da nasa. Ango, wanda tsokanarsa ta fara abin, yakan bi shi a guje da ƙwaryar fura, ya ba shi yana tafiya.

"Arzika, don girman Allah tsaya ka huta."

"Da mi zan tsaya, Ango?"

Jiragensa suka ruɓe a bakin ruwa. Gidan kwanon nan ya tsaya da ƙofarsa a buɗe, atamfa dila-dila a ciki, da rediyo, da buhunan gishiri, gara na ci. Ba a kafa masa sanda ba, ba a ƙulla masa kaba ba, amma ko allura ba a taɓa ɗauka a ciki ba. Ɓarayin da suka saba haura katanga, in sun iso ƙofar sai gwiwarsu ta yi sanyi su juya.

To, kai mai hangen rufin kwanon maƙwabci, ka ji. Abin nan da ke ce maka bari dai, wanda kake zagi kana cewa shi ya hana ka ci gaba, shi ne ya raine ka har ka kai yau da yatsu goma. Shi ke tsare 'yarka a bakin murhu lokacin da ba ka gida. In kwaɗayi ya kai ka gaban wanda ya ce zai cire maka shi kyauta, ka ƙirga tukwanen da ya jera, ka ƙirga mutanen gidanka, sannan ka tashi ka fita tun ƙafarka tana jin maganarka.